Nono a Jikin Ganuwar Dinwylan

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Talata waya ta yi ƙara a ofishin 'yan sanda. Wata malamar firamare ce, a bayanta yara suna ta ihu. Ta ce ta kawo 'yan ajinta su ga kufan fadar Dinwylan, sun shiga lafiya, sun leƙa ramin da ya kewaye ganuwa, sai ga mutum a kwance kansa a fashe.

Sufeto Nesta Prydderch ta ajiye shayinta, ko kurɓa ɗaya ba ta yi ba. A Dinwylan aka yanke mata cibiya, amma tun da ta binne mahaifinta shekara tara da suka wuce ba ta sake kwana a garin ba. Ta ɗauki makullin mota ta ce wa Saje Tegid ya biyo ta.

Mu mutanen Dinwylan ba ma hawa can sama sai in tunkiya ta ɓata. Kango ne, a kango kakanninmu suka same shi. Baƙi ne ke biyan fam shida su tsaya cikin yayyafi suna ɗaukar hoton inda rufi yake a da, mu kuwa ba mu taɓa hana su ba.

Gawar na rub da ciki a cikin ramin, daidai gindin hasumiya. Tun daga nesa Nesta ta gane shigar: rigar mayaƙan da ta ƙarya, da takobin katako a ƙugu. Mutum ɗaya ne a duk kwarin nan ke fita da wannan shiga ba kunya.

"Emlyn Cadwgan ne," in ji ta.

"Mai zagayawa da baƙi?" in ji Saje.

"Shi."

Ƙeyarsa ta lotse kamar an taka ƙwarya. Jini da ƙwaƙwalwa sun cakuɗe da gashi, hankaki biyu har sun riga sun fara aiki kafin wani kurtu ya kore su da hula. Saje Tegid, ƙato guda da shi, ya juya baya ya amayar da karin kumallonsa a kan ciyawa.

Likitan 'yan sanda na tsugune yana lalube da safar hannu. Nesta ta ɗaga kai ta dubi tsawon hasumiyar.

"Faɗowa ya yi?"

"In dai hasumiyar nan tana jefo mutum sau uku, to faɗowa ya yi," in ji likita. "Duka ne, Sufeto. Abu mai nauyi, mai kusurwa, ina ganin dutse. Na farko ya kai shi ƙasa, na biyu ya gama da shi. Na uku kuwa haushi ne kawai."

"Yaushe?"

"Tsakanin bakwai da takwas na safen nan. Kuma ba a nan aka kashe shi ba, jawo shi aka yi."

Saje ya goge baki da bayan hannu, ya dubi tarin duwatsun da ke ko'ina.

"Ranki ya daɗe, dutse fa za mu nema a gidan duwatsu."

"Sai ka fara da wuri."

Ta bi sawun da jan gawar ya bari a kan ciyawa, taku goma sha biyu, har bakin ƙaramar ƙofar da baƙi ke shiga ta ƙarƙashin bakanta, wato lanƙwasasshen ginin dutsen da ke samanta. An wanke dandaɓen wurin da ruwa tas, amma jini ya maƙale a tsagin duwatsu. A gefe, cikin taɓo, akwai damin furanni rawaya irin na bazara, an ɗaure da zare, an tattake su.

A jakar mamacin aka sami guduma, da cizal na sassaƙa dutse, da ƙananan buhunan jan ƙyalle guda goma, duk babu komai a ciki.

Ba a yi awa ɗaya ba gari ya miƙa wa 'yan sanda suna. Ranar Asabar da ta wuce Gethin na gonar Penllwyn, mai kiwon tumakin da ke ci a gindin ganuwa, ya karya wa Emlyn hanci a mashaya. Baƙin Emlyn ne suka bar ƙofar makiyaya a buɗe, karen wani ya shiga ya farke tumaki huɗu masu ciki. A gaban mutum talatin Gethin ya rantse sai ya fasa kan Emlyn.

A rumfar tumaki suka same shi, hannunsa har gwiwa a cikin wata tunkiya mai naƙuda. Wani kofur mai rawar kai ya dafa masa kafaɗa ya ce ya miƙe. Gethin bai ko waiwaya ba. Ya zaro ɗan ragon, ya goge masa hanci da ciyawa, ya ajiye shi a gaban uwarsa. Sannan ya miƙe ya zuba wa kofur naushi ɗaya a baki, haƙori biyu suka faɗa cikin harawa.

Sai da mutum uku suka taru a kansa. Sun kai shi ƙasa, gwiwar Saje a wuyansa, fuskarsa cikin kashin tumaki, yana gurnani yana shure-shure har aka ji ankwa ta kama. Matarsa na tsaye a bakin rumfa riƙe da jaririya, tana kiran sunansa.

A bayan mota Nesta ta zauna kusa da shi. Tare suka yi firamare, benci ɗaya.

"Sannu 'yar birni," in ji shi, yana tofar da jini. "An zo gaida talakawa?"

"Ina kake ƙarfe bakwai?"

"A rumfa."

"Ba ka hau sama ba?"

"Me na ajiye a can?"

"Sawun takalminka na bakin ƙofar makiyaya, Gethin, sabo fil. Dunduniyar hagu a cinye. Tun muna yara kake jan ƙafar nan."

Ya yi huci.

"To na hau. Ƙarfe takwas da rabi na je duba tumaki. Laifi ne?"

"Wa ka gani?"

"Ba kowa."

"Dube ni ka faɗa."

Bai dube ta ba. Ya kafa ido a gilashin mota.

"Na ce miki ban ga kowa ba."

"Ka san abin da ke gabanka kuwa? Ɗaurin rai da rai. Yarinyar can sai dai ta san ka ta bayan gilashi."

Muƙamuƙinsa ya motsa, idonsa ya kawo ruwa, amma bakin nan ya ƙi buɗewa. Aka ja mota da shi.

Ba a jima ba Oga ya bugo daga hedikwata. Ya ce ga barazana a gaban shaidu, ga sawu, ga ƙarya, ga haƙoran ɗan sanda a ƙasa, me kuma ake jira? Ƙarfe biyar na yamma za a rubuta wa Gethin tuhumar kisan kai.

"Ba shi ba ne, ranka ya daɗe."

"Shaidarki?"

"An wanke wurin da ruwa, an kuma kawo furanni. Gethin ko motarsa ba ya wankewa, kuma matar da ya aura ma bai taɓa kai wa fure ba."

"Wannan sai ki faɗa wa alƙali ya yi dariya. Ƙarfe biyar, Sufeto."

Shagon Emlyn na katako ne, a bakin filin ajiye motoci, cike da tutocin jan dodo da takubban roba. Matarsa Siwan tana ciki. An riga an faɗa mata, amma idonta a bushe yake, kuma da Nesta ta turo ƙofa sai ta same ta tana tura wani kwali ƙarƙashin kanta da ƙafa.

"Allah ya ba da haƙuri, Siwan. Me ke cikin kwalin?"

"Tarkace ne."

Nesta ta jawo shi. Buhunan jan ƙyalle ne, fal, kowanne da guntun dutse a ciki da 'yar takarda: dutsen fadar yarima na ƙarshe, fam goma.

"Daga ina?"

"Daga kogi yake kwasowa. Baƙi ai ba sa ganewa."

Nesta ta zazzage ɗaya a tafin hannu, ta kankare gefensa da farce. Farin gari ya zubo.

"Kogin naku da kwaɓin gini yake zuwa?"

Siwan ta zauna daɓas a kan kujera.

"Na ce ya daina. Wallahi na ce ya daina. Tun ranar Mabli nake faɗa masa."

"Ranar Mabli?"

Matar ta toshe bakinta da hannu, amma magana zarar bunu ce. Nesta ta lura da yatsun hannun: biyu a karkace, sun warke ba daidai ba.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Ranar da na ce zan je in faɗa. A ƙofar mota ya matse su, yana kallona." Sai a lokacin hawaye suka zo. "Shekara uku yana sassaƙar ganuwar nan da asuba. Daga bakan ƙaramar ƙofa ya fi ɗiba, wai dutsen can ya fi kyau."

"Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa. Da waɗanne yatsun?"

Duk ɗan Dinwylan ya san ranar Mabli. Mabli matar wani magini ce mai suna Idwal, shekara da shekaru tana sayar da shayi da burodi mai zabibi a ƙarƙashin bakan ƙaramar ƙofa, don nan ne ruwa ba ya dukan mutum. Mijinta kuwa shekara arba'in yana riƙe da kangon nan a tsaye da hannunsa. Shekara biyu da suka wuce, a irin wannan wata, wani dutse ya saki daga bakan ya sauka a tsakar kanta tana zuba wa wani baƙo shayi. Ko shurawa ba ta yi ba.

Kwamitin gari ya zauna, aka ce kwaɓin Idwal ne ya gaza. Emlyn da kansa ya miƙe a taron ya ce hannun tsoho ya ƙare, a karɓe makulli kafin ya kashe wani. Aka ɗaga hannu, aka karɓe. Har gobe in na tuna taron nan kunya ke rufe ni, don nawa hannun na cikin waɗanda suka tashi.

Gidan Idwal shi ne na ƙarshe kafin a fara hawa. Mahaifin Nesta leburansa ne har ya mutu, kuma Idwal ne ya ɗauki gaban akwatin gawarsa. Don haka da ta ƙwanƙwasa ƙofar nan ƙarfe biyu da rabi, ta yi ta faɗa wa kanta cewa shawarar gwani ta zo nema.

"A'a, Nesta ce? Shigo, 'yata, shigo. Kin rame. Ba sa ba ku abinci a birni?"

"Ina wuni, Baba Idwal."

Shekararsa sittin da takwas, amma kafaɗun nan har yanzu sai ya karkata yake shiga ƙofa. Ya ɗora buta a wuta, ya yanko burodi. Ta zazzage buhu ɗaya a kan tebur.

"Baba, duba mini wannan."

Ya murza guntun dutsen a yatsu, ya kai farin garin bakin harshe.

"Kwaɓina ne. Na bakan ƙaramar ƙofa."

"A shagon Emlyn na samo. Shekara uku yana sassaƙar wurin yana sayarwa." Ta dafa hannunsa. "Baba, ka gane abin da nake faɗa? Ba aikinka ne ya kashe Inna Mabli ba."

"Na ji."

Ya zuba mata shayi, ya tura mata madara.

"Sha, kada ya huce."

Nesta ta zuba masa ido. Mutumin da ya yi shekara biyu yana ganin shi ya kashe matarsa, a zo a sauke masa wannan kaya, ai ko kuka ne ko ihu sai ya yi. Wannan kuwa ko gira bai ɗaga ba. Labarin ba sabo ba ne a kunnensa.

"Yaushe rabonka da hawa sama, Baba?"

"Tun ranar. Ƙafata ba ta sake taka wurin ba."

"Aiki fa? Kana ɗan taɓawa?"

"Ni da cokalin gini ai mun yi sallama. Ba an ce hannu ya ƙare ba?"

Ta sha shayin, ta ci burodin, ta yi godiya. A bakin ƙofar baya, tana sa takalmi, idonta ya sauka a kan ƙusa. Cokalin gini na rataye a can yana ƙyalli, an wanke shi, ruwa na ɗiga daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ta fita ba ta waiwaya ba. A mota ta kifa kai a kan sitiyari ta daɗe.

Ƙarfe uku da rabi yayyafi ya ɗauke, rana ta fito da iska mai bushewa. Kurata shida sun juye duk dutsen da ke kwance a filin fadar, ba su sami jini a ko ɗaya ba. Saje Tegid ya zauna a kan wani guntun bango yana danna ƙugu.

"Ranki ya daɗe, kogi aka jefa shi. Ni da ni ne ai can zan jefa."

"Kowa ma can zai jefa."

"To mu sauka mana. Gethin dai ya faɗa da bakinsa."

Hankalinta na wani wuri. Wata tunkiya take kallo, wadda ta tsallako igiyar 'yan sanda ta tsaya a gindin ƙaramar ƙofa tana lasar bango. Saje ya jefe ta da tsakuwa, ta matsa, ta dawo daidai wurin ta ci gaba da lasa.

Nesta ta ƙarasa. Wani farin abu ne ya gangaro a jikin bangon, siriri, ya bushe. Ta bi shi da ido har sama. A cikin bakan, dutse na uku daga tsakiya, ƙudaje sun taru baƙi ƙirin.

Sai warin ya buge ta. Nono mai tsami da kashin shanu.

Haka mahaifinta ke dawowa gida da wannan wari a hannun riga, mahaifiyarta na faɗa tana kora shi bakin famfo. Duk dutsen da Idwal ya dasa sabo sai ya dama nono da kashin shanu ya shafe masa fuska, don gansakuka ta yi saurin kama shi. Cewa yake bai kamata dutse ya ji kunya a cikin 'yan'uwansa ba.

"Kawo tsanin can, Saje."

Ta hau. Dutsen ya zauna a gurbinsa daram, ko reza ba za ta shiga ba. Ta danna babban yatsa a kwaɓin da ke gefensa, yatsan ya nutse. Da ta zaro shi, farin kwaɓin na da ratsin ja.

Saje ya saki baki.

"Mayar da shi aka yi? Kai! Wane mahaukaci ne zai kashe mutum sannan ya tsaya gini?"

"Sallami kuratan nan su koma mota. Kai kuma tsaya bayan hasumiya."

"Ba za mu je mu kamo shi ba?"

"Zai zo da ƙafarsa."

"Don me?"

Ta nuna masa rana. Kwaɓin farar ƙasa ba ya son gaggawa. In rana da iska suka same shi ɗanye sai ya tsage, dole a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Wannan kuwa tun tana 'yar shekara shida ta san shi.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin aka ji takun takalmi a kan tsakuwa. Idwal ne ke hawowa a hankali, buhu a kafaɗa yana ɗigar ruwa a bayan rigarsa. Da ya gan ta zaune a gindin tsani sai ya tsaya. Ya dubi dutsen, ya ga gurbin yatsanta.

"Kin ɓata mini aiki," in ji shi.

"Ka ce ƙafarka ba ta sake taka nan ba, Baba."

"Na ce."

"Ka ce kun yi sallama da cokali."

"Iska na shaƙa. Tsoho ba ya shaƙar iska?"

"Da jiƙaƙƙen buhu?"

Ya dubi buhun da ke kafaɗarsa.

"Baba Idwal, Gethin na bayan kanta tun safe. Ƙarfe biyar za a rubuta masa kisan Emlyn. Saura minti talatin da biyar."

Buhun ya zame daga kafaɗarsa ya faɗi.

"Gethin? Wane Gethin? Na Penllwyn?"

"Shi. Na tambaye shi wa ya gani, ya ce ba kowa. Na ce zai mutu a kurkuku, ya ce ba kowa."

"Jakin banza!" Muryar tsohon ta fashe. "Ai ya gan ni! Na wuce shi da bokitin kwaɓi, jini har gwiwar hannuna, ya ce mini ina kwana Baba, ya kau da kai. Shi da jaririya a gida, da tumaki ɗari uku a bakin haihuwa! Wa ya aike shi?"

Ya zauna a kan dandaɓe, daidai inda teburin Mabli yake a da.

"Kira ƙaton can da ke laɓe ya fito ya rubuta. Ina ganin inuwarsa."

Saje ya fito da littafi a hannu, kunya ta kama shi.

"Yau shekara biyu cif," in ji Idwal. "Ban taɓa iya hawowa ba. Yau na ce ko da rarrafe sai na kawo mata furen lambunta. Na iso na tarar da shi a kan tsani, cikin rigar wasan nan tasa. Ya riga ya zare dutsen ya sauke ƙasa zai farfasa. Na ce, Emlyn, me kake yi haka? Ya ce, haba tsoho, kwantar da hankalinka, shekara uku ina ɗiba a nan, sau ɗaya tak ya taɓa faɗowa."

Ya dubi Nesta.

"Sau ɗaya tak. Da dariyarsa ya faɗa. Sai ya ga fuskata, ya gane abin da ya fito daga bakinsa. Ya sauko, ya ce in matsa yana da 'yan makaranta ƙarfe goma, ya sunkuya zai ɗauki jakarsa."

"Sai ka ɗauki dutsen."

"Da hannu biyu. Na ji ƙarar ƙashin har cikin haƙorana. Ya faɗi yana shure-shure, yana kiran uwarsa. Na sake."

"Likita ya ce sau uku."

"Ban ƙirga ba." Ya buɗe tafukansa, duk sun tsattsage da cin farar ƙasa. "Shekara biyu, Nesta, in na zo cin abinci sai in kasa, don da hannun da ya kashe ta zan kai loma baki. Shi kuwa yana wuce ni a hanya yana cewa ya ƙarfin jiki."

Alƙalamin Saje ya tsaya. Ya kasa haƙuri.

"Amma Baba, ga kogi nan ƙasa. Da ka jefa shi ai har abada ba mai ganinsa."

"Na ɗauka. Har na kai bakin ganuwa da shi. Sai na ji baka ya yi ƙara a bayana." Ya ɗaga kai sama. "Kai ba ka san wannan ƙarar ba, yaro. Na waiwayo na ga gari na zubowa daga gurbin. Ba zai kai azahar ba. Ga motar yara ƙarfe goma."

Ya sauke kai ya ci gaba.

"Na ruga gida na ɗebo kwaɓi a tsohuwar randata. Na juya fuskar jinin ciki don kada yara su gani, na dasa shi. Su nawa ne suka zo?"

"Ashirin da shida," in ji Nesta.

"Ashirin da shida, shiga da fita. Ko tsakuwa ta faɗo?"

"Ba ta faɗo ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Wani abu mai kama da murmushi ya gifta a fuskarsa ya wuce.

"Nonon fa?" in ji ta. "Shi ya kawo ni."

Ya dubi ƙudajen kamar yanzu ya fara ganinsu.

"Na shafa ashe? Wallahi ban sani ba. Hannu ne ya yi abinsa."

Biyar saura minti goma Nesta ta buga wa Oga waya. Kalma kaɗan ta faɗa: a saki Gethin, haƙoran kofur a yi maganarsu wata rana. Da ta kashe wayar sai ta ga Saje ya taka tsani da cizal ɗin mamaci a hannu, zai zaro shaida.

"Sauko!" Idwal ya daka tsawar da ta tashi hankaki daga hasumiya. "Sauko, ɗan banza, kafin ka binne mu! Ba mai taɓa dutsen nan sai an kafa katako biyu a ƙasa, an gicciya na uku. Kana jina?"

Saje ya sauko da sauri har yana tuntuɓe.

Tsohon ya ɗauki buhunsa daga ƙasa, ya kakkaɓe shi, ya dubi Nesta. Doka ba ta ce a bar mai kisa ya taɓa shaida ba. Ta riƙe masa tsanin da hannu biyu.

Ya hau, ya shafe gurbin yatsanta da nasa yatsan, ya lulluɓe dutsen, ya soke gefen buhun a tsagi. Ya sauko ya miƙo mata hannuwa. Da kanta ta sa masa ankwa, sai a haƙorin ƙarshe ankwar ta kama wuyan hannun nan don kauri.

Suka gangara. Mutanen gari sun fito bakin ƙofofinsu, mu da muka ɗaga hannu a taro, ba wanda ya iya haɗa ido da shi. A bakin mota ya tsaya ya waiwaya sama.

"Nesta."

"Na'am, Baba."

"In sun cire shi, wanda za su kawo ya toshe gurbin, kada ki bari ya sa siminti."

"Ba zan bari ba."

Ta dafa kansa don kada ya bugu da ƙarfen ƙofa. Hannun rigarsa ya gifta ta gaban fuskarta da warin nono da kashin shanu, warin mahaifinta sak. Ta rufe ƙofar, ta miƙa wa Saje makulli, ta ce shi ya tuƙa.